Allurar 'yan Chaina don ciwon gwiwar Umma, wa ya taɓa yi?

Maman Ilham, Rikkos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema daga wanda ya sani ko ya taɓa yi da kansa.

Mahaifiyarmu ce, shekarunta 64, kusan shekara 5 kenan tana fama da gwiwa, da ta dama ce kaɗai yanzu har ta hagun ta kama. Kun san sanyin Jos dai, daga an shiga Disamba shikenan, da asuba kafin ta miƙe daga bakin gado ta kai banɗaki sai ta dafa bango ta dafa ƙofa, kana jin gwiwar tana ƙurus ƙurus kamar ana taka tsakuwa. Sallah ma yanzu a kan farar kujerar roba take yi, kuma wallahi wannan ya fi damunta a kan ciwon kansa, ranar nan na shiga ɗakinta na same ta ta idar da la'asar tana share hawaye da gefen hijabi, tace min rabon da goshinta ya taɓa ƙasa tun azumin bara. Ban san lokacin da nima na fara kuka ba.

Mun je asibiti an yi hoto, likita yace guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye. Da kullum sai ta sha diclofenac, har ya tayar mata da olsa, likita ya hana, yace sai dai farasitamol da man shafawa, ya kuma ce in abin ya ci gaba sai an yi maganar aiki. Ita kuwa ko sunan tiyata bata son ji. Tana da suga, tana da hawan jini, kuma kullum tana shan ƙaramin asfirin ɗin nan.

To yanzu Yayanmu da ke Kubwa ne ya kira yace a kawo ta Abuja a gwada mata allurar nan ta 'yan Chaina, akufanca, wai wani abokin aikinsa ya yi ya ji daɗi. Matsalar ita ce Umma da allura ba sa ga maciji, tun wata allura da aka taɓa yi mata a wani kemis shekarun baya wajen ya kumbura ya yi ruwa sai da aka tsaga, har yau tabon na nan. Yaya yace wai akwai irin mai sauƙi wadda ba a jin zafinta, ni dai ban gane ba, allura ai allura ce. Shi ne nake tambaya, da gaske babu zafi? Tana magani kuwa ko kuɗi kawai za mu zubar? Mai suga zai iya yi? Sannan Umma da kanta tace in tambaya mata ko babu shirka a ciki, don ta ji an ce daga addininsu abin ya fito. In ma za a yi, ta yaya za mu gane wanda ya iya da wanda ya sayo allurai kawai ya buɗe shago? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Abu Sadiq, Dutse Alhaji

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba Umma lafiya yasa kaffara ne. Ni na yi, amma na baya ne ba gwiwa ba. Zaman mota ne ya kashe min baya, kullum daga Dutse zuwa cikin gari in dawo cikin holdof, har ta kai in na sunkuya zan ɗaura igiyar takalmi sai na riƙe numfashi.

Bari in gaya miki yadda aka yi ranar farko don ki kwatanta wa Umma. Mutumin bai taɓa ni da allura ba sai da muka yi kusan minti 30 yana tambayoyi, barcina, cin abincina, ko ina yawan jin sanyi, magungunan da nake sha, ya karɓi hoton bayan da na yi a asibiti ya duba. Ya sa yatsu uku a wuyan hannuna na dama ya yi shiru, ya koma na hagu, sannan yace in fito da harshe ya gani. Daga nan na kwanta rub da ciki, ya wanke hannu, ya goge wajen da auduga da sifirit, ya ɓare alluran a gabana daga cikin leda, kowacce da ɗan bututunta na roba. Ni da nake jiran zafin allurar asibiti sai kawai na ji ya ɗora bututun a fatata ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, tak, shikenan wai ta shiga. Wallahi cizon sauro ya fi shi zafi. Guda biyu ne kawai cikin 12 na ji su, ɗaya a bayan gwiwa ɗaya kusa da idon sawu, shi ma ba zafi ba, wani irin nauyi ne da tsami tsami yake bin ƙafar zuwa ƙasa. Ya rufa min zani ya kashe fitila ya fita, minti 20, kafin ya dawo barci ya kwashe ni.

Zama 10 na yi, sau 2 a sati. Na farko da na biyu ban ga komai ba har na ce wa madam anya kuwa, sai wajen na huɗu na lura na tashi da safe ban yi wannan dafe ƙugun ba. Amma gaskiya ɗaya ce, bayan kamar wata 7 ciwon ya dawo, bai kai na da ba amma ya dawo. Kuma aljihu yana ji, don duk zama kuɗi ne, ku yi lissafin zama 8 zuwa 10 tun kafin ku taso, kar a fara a tsaya a na uku.

Ɗan Gangare

Slm Hajiya. Allah ya ƙara wa Umma sauƙi. A Chaina na yi karatun likitanci, na asibiti irin wanda kika sani, amma dole sai da aka koya mana darasin maganin gargajiyarsu, kuma a can asibiti ɗaya za ki ga ɓangaren tiyata ga ɓangaren allura da tausa a bene na gaba. Don haka zan faɗi abin da na gani.

Farko dai ki cire allurar kemis daga ranki. Waccan tana da rami a ciki don ruwan magani ya bi, bakinta kuma a yanke yake kamar wuƙa, ga ruwan da ake turawa cikin tsoka, shi ne zafin, kuma in ba tsabta shi ne ƙurjin da ya samu Umma. Ta akufanca ba rami, ba ruwan komai a cikinta, siririn ƙarfe ne kawai. Wadda aka fi amfani da ita a Chaina kaurinta wajen milimita 0.25 zuwa 0.30 ne.

Mai sauƙin da Yayanku yake faɗa kuwa akwai ta, yawanci salon Japan ake nufi. Sinawa suna son allura ta ɗan nutse, su murza ta har sai mutum ya ji wannan nauyin da tsamin da Abu Sadiq ya kwatanta, suna kiransa deqi, a wurinsu alama ce an samu wajen. Mutanen Japan kuwa alluransu sun fi siranta, akwai ta 0.16 har da ta 0.12, kuma ba sa nutsawa sosai, wani lokacin milimita kaɗan ne a saman fata. Bututun nan ma daga can ya fito. Wani makaho ne, Sugiyama Waichi, wanda ya rasu a 1694, ake danganta shi gare shi, ya yi wa mai mulkin Japan na zamaninsa magani ya kuma kafa makarantar koya wa makafi allura da tausa. Shi yasa salon nasu ya dogara sosai da lalube da yatsa a hankali kafin a soka komai. Har akwai wanda ba a huda fatar ma sam, a ɗora ƙarfe mai dakusasshen baki a danna ko a shafa, da irinsa suke yi wa yara ƙanana, sunansa shonishin. In ana so a gwada mai tsoro irin Umma, sai a fara da allura 4 ko 5 sirara a ga yadda jikinta ya karɓa, duk wanda ya iya aikinsa ba zai ƙi wannan ba.

Maganar asali, abin tsoho ne ƙwarai, babban littafinsu Huangdi Neijing ya haura shekara 2,000. Bayaninsu shi ne akwai wani ƙarfi da suke kira ci yana zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, in ya toshe sai ciwo, allura ta buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wuraren sokawa 361 don kowa ya riƙa kiransu iri ɗaya, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2010. Amma ni a matsayina na wanda ya yanka gawa a ɗakin karatu zan gaya miki ba wanda ya taɓa ganin waɗannan hanyoyi da ido, jijiyoyi ne da tsoka da magudanar jini a wurin. Abin da bincike ya nuna tun shekarun 1970 shi ne allurar tana taɓa ƙananan jijiyoyi, saƙo ya tafi laka da ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi irin su endofin. Wato tana iya rage jin ciwo. Guringuntsin da ya cinye kuwa ba za ta tsiro da shi ba, duk wanda yace miki za ta yi ki kama hannun Umma ku fito.

Haɗarinta kaɗan ne a hannun wanda ya sani, amma akwai. Allurar da aka yi wa wani aka sake amfani da ita tana ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau, don haka sai sabuwa a leda, a ɓare a gabanku, a jefa a kwandon allurai bayan an gama. In an nutsa da yawa a ƙirji ko saman baya ana iya huda huhu, an sha samun haka a duniya, amma ita nata a ƙafa ne. Ƙaramin asfirin ba ya hanawa, sai dai wajen zai iya ɗan tara jini ya yi baƙi, ku dai faɗa masa, kuma kar ta daina sha don za a yi allura. Sugan ne abin dubawa, in bai daidaita ba ko ƙafarta ta fara mutuwa bata jin taɓi sosai, ko akwai wani gyambo, to a bari tukuna. Likitan da ke duba ta shi zai ce a yi ko kar a yi. Kuma ta karya kafin ta je, masu zuwa da yunwa su ne jiri ke ɗiba.

Jikan Wanzami, Dilimi

Maman Ilham sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki. Ni ba malami ba ne, fatawa sai ku je wa malaman da Umma ta yarda da su, amma abin da na sani mutumin nan ba ya kiran sunan wani gunki, ba ya yanka, ba ya ce ka faɗi wasu kalmomi, jijiya yake taɓawa kamar yadda kakana yake neman wajen kafa ƙaho da yatsa. Magungunan asibitin da take sha ma ai ba musulmi ne suka haɗa yawancinsu ba. In dai kun shiga kuka ga an kawo wani surkulle to wannan daban.

Abin da yasa na sa baki shi ne na san za a ce muku a haɗa da ƙaho, don su ma Sinawan suna yi, nasu na kofin gilashi ne, a zura wuta a ciki a fitar a kifa a fata ya tsotsa, yawanci ba tsaga ba jini. Shi ne shatin da aka gani a kafaɗar ɗan ninƙayan nan na Amurka Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016 duniya ta ɗauka. Mu kuwa mun gaji abinmu, ƙahon sa, a tsotsa da baki a toshe ƙaramin ramin, a cire a tsattsaga da aska a mayar. Kuma hijama sunna ce ba mai ja. Amma a gidanmu na taso na ga Baba yana mayar da masu suga, baya tsaga musu ƙafa ko nawa za su bayar, yace ciwon ƙafar mai suga baya jin magani. Ga asfirin kuma da ke tsinka jini. Don haka ko wanzami ko ɗan Chaina, kar ku bari a tsaga mata ƙafa.

Dokta Ɗan Gangare dan Allah ina da tambaya nima, na ga bidiyo suna kunna wani abu kamar sigari suna kai wa jikin mutum, shin wannan ba lalas ba ne? Don shi lalas akwai hadisin da ke cikin Bukhari da aka ambace shi tare da zuma da ƙaho amma aka hana al'umma shi.

Ɗan Gangare

Malam Jikan Wanzami wannan shi ne moksa. Busasshen ganye ne dangin tazargade ake daka shi ya yi laushi kamar auduga a naɗe. Iri biyu ne, akwai wanda ake ɗora ɗan ƙulli a kan fata a kunna, na da can har tabo yake bari, wannan kam ya yi kama da lalas. Wanda aka fi yi yanzu riƙe shi ake nesa da fata kamar faɗin yatsa biyu, ɗumi kawai yake shiga kamar gashi. Masu ciwon da sanyi ke tayarwa suna jin daɗinsa. Amma ga mai suga ina tsoronsa fiye da allurar, saboda in jijiyar ƙafa ta yi rauni za ta ƙone bata ji ba. Haka ma ruwan zafi a gora ko kaskon gawayi da iyayenmu ke kai ƙafa kusa da shi a sanyin nan, a riƙa lura.

Anti Fisiyo, Farar Gada

Maman Ilham ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, don irin su Umma nake gani kullum a wajen aikinmu na fisiyo, wato gashi da motsa gaɓɓai a asibiti, kuma abin yana ci min rai, sai an gama zagaye an kashe kuɗi sannan a kawo mana su ƙafa ta riga ta shanye.

Ban ce allurar bata komai ba. A Jamus an yi manyan gwaje-gwaje a kanta. A na ciwon baya da aka fitar a 2007, mutum 1,162 aka kasa uku, waɗanda aka yi wa ta gaske kusan kashi 48 cikin 100 suka samu sauƙi, waɗanda aka soka musu sama sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba kashi 44, waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba kashi 27. Na gwiwa ma kusan haka ya fito. Kinga abu biyu kenan. Waɗanda aka yi wa allura sun fi samun sauƙi, har inshorar lafiyar Jamus ta fara biyan kuɗinta don ciwon baya da na gwiwa. Amma kuma ta gasken da ta sama saman tazararsu kaɗan ce, shi yasa har yau masana ke ja-in-ja, wasu suka ce yawancin amfanin daga kulawa ne da kwanciyar hankali da sa rai. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne ba sai an nutsa allura an azabtar da tsohuwa ba, mai sauƙin ma ta isa a gwada. A Ingila hukumar NICE da ke tsara musu ƙa'idar magani ta ce a 2022 kar a yi ta don irin wannan ciwon gaɓɓan, ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka kuma a 2019 tace ana iya gwadawa. To kin ji, manyan ma ba su haɗu ba.

Abin da suka haɗu a kai gaba ɗayansu shi ne motsa jiki da rage ƙiba in akwai. Tsokar gaban cinya ita ke ɗauke wa gwiwa kaya. Ciwo yana sa mutum ya daina motsi, tsokar ta saki, gwiwa ta ƙara shan wahala, ciwo ya ƙaru, haka abin ke ta zagayawa. Ki duba cinyar Umma ta dama ki gwada da ta hagu, ina kyautata zaton za ki ga ta fi rama. Kuma duk kilo 1 da mutum ya rage, kamar kilo 4 ya sauke wa gwiwa ne a kowane taku.

Ga abin da za ku fara tun yau ba ko sisi. Tana zaune a kan kujerar sallar nan tata, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta ja yatsun zuwa wajenta, ta riƙe ta ƙirga 5, ta sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa. In tana kwance ki naɗe tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwar ta danna shi ƙasa ta ƙirga 5 ta saki. Ku haɗa shi da lokutan sallah don kar a manta, in ta idar tana lazimi tana yi. Ɗan tsami ba komai, amma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi ko ciwon ya kwana ya wuni to an yi yawa, a rage. Da safe kafin ta sauko daga gado ta lanƙwasa ta miƙe sau da yawa a cikin bargo. A raba ta da kujera 'yar tsuguno da tabarma, in masan gidan na tsuguno ne a nemo mata na zama. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar da ta fi ciwo ake riƙewa, mutane da yawa suna juya shi.

Tunda ma maganar Sinawa ake, abin da ya fi ƙarfin hujja a nasu don gwiwa shi ne taici, motsin nan da tsofaffinsu ke yi a fili da sassafe a hankali kamar suna tafiya cikin ruwa, ƙungiyar Amurkan nan ta fi ƙarfafa shi a kan allurar. Yana kuma rage faɗuwa ga tsofaffi.

Wajen gane na gaskiya kuwa ku tambayi inda ya yi karatu da shekara nawa, ku ce ya nuna takardar rajista. A Najeriya hukumar MDCN mai yi wa likitoci rajista ita ke da hurumin masu akufanca, mu kuma 'yan fisiyo MRTB ce tamu. Wanda ya fusata don an tambaye shi takarda ya riga ya ba ku amsa. Sujjada kuma ba zan miki alƙawari ba Maman Ilham, wasu suna komawa wasu ba sa komawa, ya danganta da yadda gwiwar ta ci. Amma tafiya banɗaki ba dafa bango, wannan ina sa rai sosai in an dage wata 2 zuwa 3.

Ummu Khairat, Nyanya

Dan girman Allah Maman Ilham ku yi hankali da masu na'ura. Gwaggona haka aka yi mata, wasu suka zo unguwarsu suka kafa rumfa wai gwajin Chaina kyauta, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe a hannu kwamfuta ta zano cuta 15 a minti 2, suka ce ƙodarta da hantarta duk sun taɓu, aka haɗo mata kwalabe da shayi na kuɗi masu yawa har sai da ta sayar da ɗan kunnenta, kuma suka ce ta ajiye maganin hawan jininta wai kemikal ne. Sati 3 aka kwashe ta ranga ranga, Allah ne ya yi da sauran kwana amma har yau hannunta na hagu bai dawo daidai ba. Ni tun daga nan ko an ce min Chaina gabana faɗuwa yake. Ban ce na Yayanku haka yake ba amma duk wanda yace Umma ta bar maganin suganta ko na hawan jini ku gudu.

Ɗan Gangare

Subhanallah, Allah ya ba Gwaggo lafiya. Ummu Khairat wannan na'urar ba ta cikin maganin gargajiyar Sinawa kuma ba ta cikin na asibiti, ban taɓa ganinta a asibitin koyarwa ko ɗaya a can ba. Kuma kin tuna min, Hajiya in an ce za a haɗa wa Umma da na sha ku ce a'a sai likitanta ya gani. Ganyensu akwai mai amfani sosai, maganin maleriyar da muke sha yau irin su Coartem asalinsa daga tazargade ne, wata baiwar Allah Tu Youyou ta ciro sinadarin a farkon shekarun 1970 bayan ta bi tsofaffin littattafansu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace aka auna aka gwada. Akwai kuma mai kisa, a Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda wani ganye mai suna aristolokiya da ya shiga haɗin rage ƙiba. Mai suga da hawan jini da ta daɗe tana shan diclofenac ƙodarta dama a gajiye take, ku roƙi likita ya auna ta ma in ba a yi kwanan nan ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuma ba ita ke nufin ya dace da Umma ba.

Maman Ilham, Rikkos

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya jiƙan magabata. Jiya bayan isha'i na zauna na karanta wa Umma duka tun daga sama. Da na zo wajen makahon nan na Japan sai tace in maimaita, ta yi shiru can tace ikon Allah, wanda baya gani shi ya nemo yadda ba za a ji zafi ba. Maganar Gwaggon Ummu Khairat kuwa har addu'a ta yi mata.

Anti Fisiyo kin yi gaskiya, na sa tef ɗin ɗinkina na auna cinyoyin, ta daman ta fi rama da kusan inci ɗaya, ni ban taɓa lura ba sai jiya. Mun fara miƙe ƙafar yau da asuba, ta yi 6 a dama tace ta gaji, ta yi 10 a hagu, Ilham ce ke ƙirga mata. Kujera 'yar tsugunon ma na ɗauke daga kicin duk da sai da muka ɗan yi rigima.

Ranar Alhamis muke da ganin likitanta, zan tambaye shi maganar allurar da awon ƙoda da na jijiyar ƙafa. Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta, yace gobe in ya tashi aiki zai je wajen da kansa ya ga takardun mutumin ya ga alluran, ya tambaya ko yana da siraran kuma ko zai yarda a fara da kaɗan. Umma tace in likita ya amince za ta gwada guda ɗaya tak a hannu tukuna, in ta ji irin ta kemis ce a mayar da ita Jos a ranar.

Saura abu ɗaya da ke damuna, hanya. Zuwa Bukuru ma in muka yi sai an kama ta ake fito da ita daga mota, balle a sauka Hawan Kibo a bi Akwanga da Keffi a shiga holdof ɗin Mararaba. Anti ya za mu yi da ƙafar a mota?

Anti Fisiyo, Farar Gada

Ku sa ta a gaba a tura kujerar baya har ƙarshe don ta samu miƙe ƙafa, in motar haya ce ku biya kujerar gaban gaba ɗaya. Ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa tana zaune, kuma duk awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsaya ta fito ta ɗan taka ko taku 20 ne, Forest da Akwanga da Keffi duk ana tsayawa. Ta sha farasitamol ɗinta kafin ku tashi, ku riƙe abin ci a jaka saboda sugan, da safa mai kauri don sanyin safiya kafin ku sauka dutse. Kar a kai ta wajen allurar ranar da kuka isa, ta kwana biyu ta huta. Shida ɗin nan da ta yi yau ya yi kyau, ku tsaya a kai har Juma'a sannan a ƙara ɗaya.